Dattijo Ya Rasu, Jar Igiya Na Nan da Ranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci wanda kunya ta hana a kira sunansa, gidan Yaya Mai-jirgi na sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ƙetare ruwa a jirginta, rasuwar injin jirgin nan da kowa ya sani da suna Dattijo. Ya rasu da hantsi, a kan duwatsun da ke gefen matsayar jirage, a gaban idon jama'a, bayan gajeruwar jinya da ba ta kai tafasar ruwan shayi ba. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Akwai wani a gidan nan da ke yawo yana cewa tsufa ne, in kun haɗu da shi ku dubi hannunsa, za ku ga waya.

Marigayi maigidan Yaya ne ya kawo Dattijo gida tun yana sabo fil, a kafaɗa, yana haki yana dariya. Daren farko a ɗaki injin ya kwana, a jingine da bango, har Yaya ta ce in haka ne ita ta koma tsakar gida ta ba su wuri. Tun daga ranar Dattijo bai taɓa ba gidan nan kunya ba. Ya ɗauki 'yan kasuwa da buhunansu, ya ɗauki awaki suna kuka, ya ɗauki masu naƙuda da marasa lafiya, ya ɗauki waɗanda suka biya da waɗanda suka ce sai sun dawo. Bai taɓa tambayar kowa ko shi ɗan wane ne ba. In an ba shi mai mai kyau ya sha, in an ba shi gurɓatacce ya yi tari ya haƙura.

Muryarsa kuwa, duk bakin ruwan nan babu irinta. Da safe in an ja shi sai ya ce kaf, kaf, ya yi shiru kamar yana tunani, sannan ya saki gurrr mai kauri. In ya kama hanya sai ya koma tuf-tuf-tuf a natse, ba irin ihun injinan zamani da ke yi kamar an taka musu wutsiya ba. Yaya na iya tsinto wannan murya a cikin injina ko nawa ne, tun jirgin yana can nesa bai fi ɗigo ba. Da yamma in ta ji ta, sai ta miƙe daga rumfarta ta kifi ta ɗora ruwan shayi, don ta san maigidan ya kusa. Da maigidan ya rasu, Dattijo ne ya ci gaba da riƙe gidan, shi ne abinci, shi ne makarantar yara, shi ne magani. Kuma har bayan rasuwar ba ta daina ɗora ruwan ba. Babu wanda ya taɓa yi mata magana a kai.

Domin waɗanda ba su san aikin ruwa ba, ya kamata a faɗi wani abu game da jar igiya, tunda a kanta maganar take. Dattijo ya zo da ita tun daga kanti: siririya ce, a nannaɗe, tana miƙewa in an ja ta, ta koma in an saki. Bakinta ɗaya ɗan cokalin roba ne da ake soka wa a ƙarƙashin jan maɓallin kashe inji. Ɗaya bakin kuma direba ke ɗaura shi a hannu ko a ƙafa. Muddin cokalin na ciki, inji na aiki. In direba ya faɗa ruwa, igiya ta bi shi, cokali ya fita, inji ya mutu nan take. Shi ke nan aikinta. Ba ta cin abinci, ba ta shan mai, ba ta da nauyin da zai gajiyar da ƙaton namiji. Marigayi maigidan Yaya bai taɓa jan inji ba sai ta hau hannunsa. Sauran direbobi suna yi masa tsiya, wai ga akuya an ɗaure ta a turke. Sai ya ce musu, “Ku yi dariyarku,” ya ja injinsa ya wuce. Ya rasu a kan gadonsa, da yatsunsa cikakku.

Bayan shi, an yi direbobin haya, sun zo sun tafi. Daga nan ne Yaya ta yi abin da zuciya ke sa mutum ya yi, ta miƙa jirgin ga ƙaninta, Auta. Ita ta goye shi a bayanta tun uwarsu na raye, ita ta share masa majina, ita ta je biko duk inda aka koro shi. An kai shi ɗinki ya ce zama na sa masa ciwon baya. An kai shi walda ya ce wuta na ɓata masa ido. An buɗe masa shago ya cinye shi da abokai. Ruwa ne kaɗai ya rage ba a gwada shi a kai ba. Ranar da ta damƙa masa jirgin ta zaunar da shi ta ce, “Auta, wannan inji shi ne uban gidan nan. Ka yi masa yadda mai shi ke yi masa. Ka ɗaura igiyar kafin ka ja.” Ya ce, “Haba Yaya, sai ka ce yaro!” Kafin sati ya zagayo ya sayi farar hula da baƙin tabarau, ya kuma sanar da duk bakin ruwa cewa daga yau sunansa Kyaftin. Babu wanda ya naɗa shi.

A yi masa adalci, da farko ya ɗaura. Yana ɗaurawa yana ɓata rai, amma ya ɗaura. Sai wata rana wayarsa ta suɓuce ta faɗa ruwa a tsakiyar tafiya. Jama'a, ba a taɓa ganin makoki irin wannan ba. Ya ƙi cin abinci, ya kwanta yana kallon rufi, har maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambaya wa ya rasu. Da Yaya ta gaji ta saya masa wata, Kyaftin ya zauna ya yi tunani mai zurfi, irin wanda bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya gano cewa duk abin da ke da daraja a kan ruwa ɗaure shi ake yi. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga babu igiyar da ta kai jar nan kyau: tana miƙewa, ba ta tsinkewa, ga ta kuma ta dace da launin agogonsa. Sai ya zare ta daga jikin Dattijo ya ɗaura wa waya.

To, inji ba ya tashi babu cokali. Wannan bai dami Kyaftin ba, mutum ne mai basira in za a yi ɓarna. Ya samo tsohon silifa ya yanko roba, ya cusa a ƙarƙashin maɓallin, ya naɗe da wayar ƙarfe ya murɗe tam. Daga ranar maɓallin bai ƙara dannuwa ba. In zai kashe injin sai ya zare tiyon mai ya tsaya yana kallo, Dattijo ya yi ta shiɗewa, tuf, tuf, tuf, har ya suma don kansa. Haka aka riƙa kwantar da dattijon kirki kullum da yunwa. Bai tsaya nan ba, ya kuma ɗaure 'yar ƙusar totur har ya yi tauri, don in ya murɗa ya tsaya a inda ya bar shi, hannu biyu su samu sararin ɗaukar hoto.

Kada wani ya ce Yaya ta yi sakaci. Kullum da safe daga rumfarta takan ɗaga kai ta hango jan abu a hannun ƙaninta, sai hankalinta ya kwanta, ta ce yaron nan dai ya fara hankali. Har ta faɗa wa maƙwabciyarta mai sayar da burodi haka, da alfahari. Daga rumfa ba a ganin inda ɗaya bakin igiyar ya nufa. Aljihu ya nufa.

Ranar da abin ya faru, Yaya ta ƙetara da kanta don ɗauko kifi, ita kaɗai ce fasinja. A dawowa tana zaune can gaban jirgi, ta juya baya, tana gyara murafun kwanduna. Tsakaninta da Auta kaya ne jibge. Da suka kusa matsaya, Kyaftin ya hango taron mutane suna jiran jirgi, har da 'yan mata, sai abin nasa ya motsa. Ya murɗa totur har ƙarshe, ya saki hannun inji, ya miƙe tsaye a kan benci, ya juya wa ruwa baya, ya ɗaga waya sama. Waɗanda suka ga bidiyon sun ce ya gyara tabarau ya fara cewa, “Jama'ata, ga Kyaftin ɗinku nan a bakin aiki, ku gani yadda ake...” Yadda ake me, har yau ba a sani ba. Jirgin yashi ne ya wuce can gefe, igiyar ruwansa ta zo ta daki nasu, sai ƙafafu biyu a sama.

Da igiyar na inda aka yi ta domin ta zauna, da a nan labarin ya ƙare: inji ya yi shiru, a tsamo Kyaftin, a yi masa dariya mako guda, kowa ya koma harkarsa. Amma igiyar tana can tana tsaron waya. Inji kuwa in babu hannu a kansa, gefe guda yake karkata. Dattijo ya karkata, jirgi ya kwanta a haƙarƙari ya fara zagaye da cikakken gudu, kuma duk zagayen yana dawowa ne daidai inda mutumin ya faɗa. Ba mugunta ba ce, umarnin ƙarshe da aka ba shi yake bi. Shaidu sun ce muryarsa ta canja a lokacin, ba tuf-tuf ɗin da aka sani ba ce, wani wiiii ne mai tsawo da ba a taɓa jin ya yi ba.

Yaya ta tsinci kanta a ƙasan jirgi, kifi a fuska, kwando a ƙirji. Da ta ɗago ta riƙe gefe, abin da ta fara gani shi ne kan ƙaninta yana nutsewa yana ɓullowa. Hannu ɗaya yake iyo da shi. Ɗayan yana miƙe sama ƙyam, yana kare waya daga jiƙewa. Jirgi ya zo ya wuce ta gefensa, farfela ta ɗauke farar hula ta mayar da ita tsumma. Mutanen bakin ruwa suka saki salati gaba ɗaya, wasu na ihu ya nutse ƙasa, wasu na ihu ya matsa, shi kuwa bai ji ko ɗaya ba. Jirgi ya sake zagayowa, wannan karon ya fi matsowa, ya tafi da takalmi da ɗan naman dunduniya.

Mace ce mai jiki, gwiwoyinta kuma sun daɗe da yi mata gardama, amma da rarrafe ta haye buhuna da kwanduna, jirgi na wujijjiga ta, har ta kai baya ta damƙi hannun inji. Ta san abin yi, maigidanta ya nuna mata tun tana amarya a harkar: jan maɓalli, danna shi. Ta danna. Ta sake dannawa da dukan ƙarfinta. Sai ta duba, ta ga wayar ƙarfe a murɗe, ta ga shuɗiyar roba a ciki. Ta gane robar. Silifanta ne da ya ɓace ƙafa ɗaya, wanda ta yi ta zargin karen maƙwabta a kansa. Ta murɗa totur, ya ƙi motsi. Ta kai hannu ga tiyon mai, ta tuna ko an zare shi injin sai ya ƙara gudu kafin ya mutu, kuma babu wannan lokacin. Ga kan Auta nan a gaba, saitin hancin jirgi. A dama jirage ne a ɗaure, cike da mutane. A hagu duwatsu ne.

Ta san abin da ke hannunta. Ta san ba ta da halin sayen wani, ta san tukunyar gidan a kansa take, ta kuma san muryar wa za ta daina ji da yamma. Duk wannan ya zo mata a tare. Ta ce, “Ka yafe mini,” ba a san ko da injin take ba ko da mai shi, ta ja hannun da ƙarfi, jirgi ya miƙe ya nufi duwatsu.

Kalaman marigayin na ƙarshe, kamar yadda na kusa suka ji, su ne garau, sannan ƙaƙaƙaƙa, sannan wani dogon huci, fuuu, da ruwa ya shiga cikinsa yana da zafi. Bakanike ya zo da gudu, ya buɗe murfi, ya leƙa, ya taɓa ƙafar injin da ta rabu biyu, ya mayar da murfin a hankali. Bai nemi sifana ba ma. Ya cire hularsa ya ce wa Yaya sai haƙuri.

Ita an ɗauke ta da karyayyen hannu da haƙarƙarin da har yanzu ba ya barin ta yi tari. Shi kuma an jawo shi da gora, ana matse masa ciki yana aman ruwa. Jama'a suka kewaye shi suna jiran su ji abin da zai fara faɗa, ko sunan Allah, ko sunan yayarsa da ke kwance can a kan dutse. Ya buɗe ido, ya jawo igiya, ya shafa fuskar waya da babban yatsa, ya ce, “Kai, ta ɗauki bidiyon fa!” Wani tsoho mai gyaran raga ya tofar da yawu ya bar wurin.

Daga baya ya je gaban Yaya da ɗingishi, ya durƙusa, ya ce, “Yaya, ƙaddara ce. Kuma dama injin ya tsufa.” Ta ce, “Auta, da na bi ta kanka, da yanzu ina da inji.” Sai ta kai hannunta mai lafiya ta shafa kan nasa, ta duba ko'ina ta tabbatar babu inda ya tsage, sannan ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Tana son yaron nan, abin haushin ke nan. Masu zuwa dubiya suna ta tambayarta ko ta yi da-na-sani. Ta ce a sanar sau ɗaya kowa ya ji: ba ta yi ba, gobe ma haka za ta yi, amma kada wanda ya ƙara cewa ta yi zaɓi mai kyau. Ta ce zaɓin dole ta yi.

Marigayin ya rasu ya bar jirgi guda da fasasshen hanci, yana kife a kan yashi yana jiran kafinta. Ya bar tankin mai da bai shanye ba, da fulogi sabo a cikin gwangwani wanda bai samu rabon sawa ba. Ya bar filafili biyu na tuƙi da hannu da suka daɗe da yin ritaya a bayan ɗaki, waɗanda yanzu aka kaɗe musu ƙura. Ya bar marayu masu cin abinci sau uku da ba su san me ake ciki ba, da fasinjoji da tuni suka koma jirgin maƙwabci ba tare da sun waiwayo ba. Ya bar silifa ƙafa ɗaya. Ya bar waya cikin ƙoshin lafiya, ko ɗigon ruwa bai shige ta ba. Ya kuma bar jar igiya, wadda ta nuna wa duniya cewa ta iya aikinta sarai, don abin da aka ɗaura mata bai ɓata ba.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Ba za a yi masa wanka ba, ya sha ruwa ya ishe shi. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne, baƙin cikin bai kai mu ga hauka ba tukuna. Gobe da safe za a ɗauko shi daga rumfar bakanike zuwa wurin mai sayen tsohon ƙarfe da ke bayan kasuwa. Bakanike ya ba da aron baro, Yaya ta ce a mayar masa da abinsa an gode. A kafaɗa ya shigo gidan nan, a kafaɗa zai fita, kuma an san kafaɗar wa. Za a bi ta babban titi, ba ta lungu ba. Duk mai son ɗaukar hoto an ba shi izini.

Ba za a binne igiyar tare da shi ba, tana da sauran aiki. Da zarar kafinta ya gama, jirgi zai koma ruwa da filafili, safe da yamma, kuma wanda aka fi sani da Kyaftin ne zai tuƙa. Yaya da hannunta za ta ɗaura igiyar, baki ɗaya a hannunsa, baki ɗaya a filafilin. Ta ce a bayyana wa jama'a kada su yi zaton don shi ne: filafilin ne ba ta so ya ɓata.

Za a karɓi gaisuwa a rumfar kifi ta bakin ruwa, daga hantsi zuwa la'asar. Ana roƙon masu zuwa kada su nemi a nuna musu bidiyon, don akwai mai nunawa tun ba a tambaya ba. Ana kuma roƙon direbobin jirage alfarma guda: duk mai tsohon inji mai kaurin murya, in zai wuce ta gaban rumfar da yamma, ya daure ya yi nesa da gaɓa. Jiya wani ya wuce, Yaya ta miƙe da karyayyen hannunta ta ɗora ruwan shayi, sai da ya tafasa sannan ta tuna.